Ranar da Baba Ya Dangwala

Unguwar Shanu, Kaduna
Litinin

Yaya Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zuwaira da yara. Mu nan lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ka san shirin da ƙananan hukumomi uku suka haɗu suka buɗe, na koya wa tsofaffi da marasa ƙarfi amfani da babbar waya, a kuma ba su ita kyauta. Ofishinmu ya sa ni a kwamitin. Ni na lallaɓa Baba ya je, don ya daɗe yana son ya riƙa ganin ɗanka Anas a waya, yana sauraron haddarsa da kansa.

Ya sa babbar riga ya tafi cibiyar da ke Mando. Mai rajista ya tambaye shi aji nawa ya kai a boko, ya ce bai taɓa shiga ba. Shi ke nan aka rubuta bai iya karatu da rubutu ba, waya kuwa sai wanda ya iya. Baba ya sa hannu da ajami, mutumin ya soke, ya turo masa tawada ya dangwala. Malamin da ya rubuta Alƙur'ani sau uku da hannunsa, Yaya. Ya dangwala, ya yi godiya, ya dawo gida. Gobe sai na ga marar tunanin da ya tsara wannan takarda.

A gaida kowa.
Ƙanwarka, Mansura

Alhamis

Yaya,

Sallama da fatan kun tashi lafiya. Na je na zazzage wa kwamiti faɗa, har aka ɗauko fayil. Ni ce, Yaya. Ni na kwafo tambayar daga wani tsohon fom ina saurin tashi aiki, ko karanta ta ban yi ba. Mutum ɗari biyu da sha ɗaya tambayar ta fitar daga shirin, yawancinsu malaman allo da matan Islamiyya. An yarda a gyara, amma wai sai kowace hukuma ta zauna, wayoyin kuma an gama rabawa.

Kada ka aiko wa Baba da wata wayar, ya ce ya fasa. Da na faɗa masa gaskiya bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni wa ya fara koya mini riƙe alƙalami. Shuɗin tawadar bai fita daga farcensa ba har yau, ina ganinsa duk lokacin da yake jan carbi.

Ka sa ni a addu'a.
Ƙanwarka, Mansura