Tausar da Na Yi Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Nguru muna nan dai.

Inna, fushi nake yi, kuma na gaji da haɗiye shi.

Kin tuna kwanciyarki a asibiti a Gashuwa lokacin korona, roba a hanci, ko juyi ba kya iyawa. Numfashi ya fara dawowa ke nan sai ƙafarki ta hagu ta kumbura, ta ɗau zafi. Likita ya ce cutar tana sa jini ya daskare a jijiya, balle ga wanda ya daɗe a kwance. Ya ce sai an yi ta yi miki allurar tsinka jini, kuma kada kowa ya matsa ƙafar, don gudan jinin zai iya ɓallewa ya toshe huhu. Da kunnena na ji.

Yayanki, Kawu Modu, ya ce sanyi ne kawai ya sauka a ƙafa, shi bai yarda da allurar da ake yi wa mutum a ciki ba. Ya sa hannu a takarda, ya kwaso ki zuwa gida. Mutumin da ko sunan maganin bai iya faɗa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don ke kika koya mini ba a musu da babba. Har ke ina jin haushinki a kan wannan.

Kwana biyu da dawowarmu, da hantsi, kika ce, "Falmata, zo ki matsa mini, hannunki da albarka." Na sani, Inna, wallahi na sani. Amma kina ta nishi, 'yan dubiya sun cika ɗaki suna cewa wace irin 'ya ce wannan. Na ɗumama man kaɗe, na murza daga agara har bayan gwiwa. Kika ce kin ji daɗi, kika sa mini albarka. Kafin azahar kika dafe ƙirji. Muka ɗauke ki za mu asibiti, ba mu kai ko bakin titi ba kika cika.

Kawu cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma har yau bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban sake taka gidansa ba. Sai dai shi takarda ya taɓa, ni ce na taɓa ƙafar.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Albarkar da kika sa mini ran nan ita ce ta ƙarshe, kuma har yanzu na kasa cewa amin. Ki yafe mini, Innata.

'Yarki,
Falmata