Hannun Hagun Auta

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ya jikin Baba? Ya yara? Ni lafiya lau. Ruwan wankin asibiti ya ɗan tsattsage min hannu, amma ba abin damuwa ba ne.

Ran Lahadi da muka yi waya ta bidiyo, na ce Auta ta rubuta min ayar da kika koya musu. Sai ta ɓoye hagunta a baya, ta ce, "Mama, wannan hannun ba na Allah ba ne." Wanta ya gaya min kina ɗaure hannun da ɗankwali a jikin kujera lokacin darasi.

Yaya, raina ya ɓaci ƙwarai. Saboda bulala na cire su daga makaranta, na ba ki amanar karatunsu a gida. Na san ɗawainiyar da kike yi, Allah ya saka miki. Amma wanda ya halicci damanta shi ya halicci hagunta. Yarinyar da ke cika bango da zane, yau fensir take tsoro.

Ki kwance mata hannu. In ba za ki iya ba, ki faɗa min gaskiya, in ajiye aikin nan in dawo.

Ƙanwarki