Masana'antar da Kuka Garƙame a Cikin Wasa Tana Nan Tana Aiki

Zuwa ga Darektan cibiyar koyar da dabarun tafiyar da masana'antu, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Ranka ya daɗe, ni ce Hajiya Rabi, mai ƙaramar masana'antar gyaran shinkafa a Saga. Sau uku ina zuwa ofishinka, sau uku ana ce mini kana taro. Tun da taron ya ƙi ƙarewa, na kawo maganar inda kowa zai ji.

Na ɗaya. Bara jami'inku, Malam Sanusi, ya zo ya ce kuna haɗa wani wasa na na'ura wanda ɗalibi zai zauna a kujerar mai masana'anta, ya yanke shawara, ya ga abin da za ta haifar. Ya ce shi ke kula da duk labarin da ake zubawa a ciki, kuma kun gaji da misalan ƙasashen waje, kuna son na gida. Na ji daɗi ƙwarai. Kwana biyar yana tare da mu, daga wurin turara zuwa wurin shanya zuwa injin casa. Ya ɗauki hotunan mata goma sha huɗu da ke aiki da ni. Da suka yi ɗari-ɗari, ni na lallashe su, na ce don ilimin 'ya'yanmu ne. Sharaɗi guda na kafa: kada a fitar da komai sai na gani. Ya amince a gabansu.

Na biyu. Na ba shi labarin shekarar da kogi ya cinye fadamun Saga, muka yi wata uku babu shinkafar da za mu gyara. Ban sallami kowa ba. Muka koma surfen gero da niƙan masara, muna rabin wuni, har sabuwar shinkafa ta shigo. Da ta shigo, hannayen da suka san aiki suna nan, ba mu tsaya koya wa baƙi tsintar tsakuwa ba. Wannan ita ce dabarar da nake alfahari da ita, kuma saboda ita na buɗe muku ƙofa.

Na uku. Ba wanda ya dawo ya nuna mini komai. Watan jiya wani mai kanti a kasuwar Katako, wanda ya daɗe yana ɗaukar shinkafata, ya zo mini jaje. Ɗansa ɗalibinku ne, ya nuna masa hotona a cikin wasanku, tsaye a ƙofar masana'anta an garƙame ta da kwaɗo. Bawan Allah yana mini jajen karyewa, inji yana ƙara a bayansa har ba ma jin juna sosai. Muka yi dariya, amma ya riga ya ba wani odarsa.

Na nemi yaron ya buɗe mini wasan. A matakin ambaliya hanya biyu kawai aka bar wa ɗalibi. Ko ya sallami rabin ma'aikata ya ci maki, ko ya riƙe su masana'anta ta mutu. Geron da masarar da suka riƙe mu an share su. Kuma sallamar ba a rubuce take ba: fuskokin matan nan ne a jere, ɗalibi yana danna wadda zai kora, tana ɓacewa. Na kasa kallo har ƙarshe.

Na huɗu. Da na sami Malam Sanusi ta waya, ya ce hanya ta uku tana rikita rabon maki, kuma kowane wasa sai da wanda zai faɗi. Ya ƙara da cewa an riga an haɗa shi da jarrabawa, ba a taɓawa sai baɗi. Ranka ya daɗe, na ba ku amana kun ci. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da bakina na jawo matan nan ciki, kuma har yau ban iya gaya musu ba.

Ga abin da nake roƙo. A cire hotunanmu nan take. A mayar da hanyar da muka bi da gaske, ko a cire labarina gaba ɗaya. A ba ni takarda mai hatiminku da ke cewa masana'antata ba ta taɓa rufewa ba, in nuna wa abokan cinikina.

Kuma a yi kafin sabon zango. Zeinabu, wadda ta fi kowa daɗewa a wurin turara, ta tara guminta ta sa 'yarta a cibiyarku, yarinyar za ta fara wata mai kamawa. Hoton Zeinabu shi ne na farko a jeren. Idan ba ku gyara ba, yarinyar nan ba za ta ci jarrabawarku ba sai ta zaɓi wadda za ta kora tsakanin uwarta da matan da suka goya ta.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare naka 'ya'yan daga irin wannan zaɓi.

Wassalam.

Hajiya Rabi, Saga.