Na Fere Teburin Mamanki

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da amaryata mai haƙoran gaba biyu, wadda na ji an ce ta fara tafiya tana kama kujeru kamar ni in gwiwata ta motsa. Allah Ya raya ta, Ya ƙara muku zaman lafiya da buɗi. Mu nan mun gode Allah. Babban yayanki an ƙara masa matsayi a wurin aiki, tumbinsa ma an ƙara masa. Innarki da ta yi ciwon ƙafa ta miƙe, har ta koma faɗa da maƙwabta, shi ya sa muka tabbatar ta warke. Ni kuwa ina nan yadda kika bar ni, sai dai in kin zo yanzu a shagon ɗinkin Mamanki za ki same ni, kuma dalilin zamana can shi ne dalilin wannan takarda. Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san makarantar da na yi, ban gama da ita ba ita ta gama da ni.

Kin tuna da na ajiye tuƙi kika ce in nemi abin da hannuna zai riƙa taɓawa, kada zama ya ƙarasa ni. To na ji maganarki, ita ce kaɗai maganar da na ji a duk wannan labari. Na tafi shagon kayan aiki na ce a ba ni injin fere katako na hannu, mai aiki da wuta, irin wanda nake gani kafintoci na turawa katako yana fitowa sumul kamar kuncin jariri. Mai shagon mutumin kirki ne, bai cuce ni ba. Ya tambaye ni mai waya nake so ko mai batir, ya tambaye ni irin katakon da zan riƙa ferewa da faɗinsa, ni kuwa ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ya ɗauko wani marar nauyi mai jakar tara garin katako, ya ce wannan shi ya dace da wanda bai saba ba, don hannu zai iya da shi. Na ce ya kunna mini na kusa da shi. Da ya kunna na ji ruri irin na babbar motar da na tuƙa ina da ƙarfina, sai zuciyata ta ce shi ke nan, ga ɗan'uwanka. Haka na zaɓi injin, Auta, da kunne, yadda na zaɓi tsohuwar rediyon nan da ba ta kama tasha sai an mare ta.

Bawan Allah bai bar ni na tafi haka ba. Ya nuna mini abin murɗawa da ke kan hancin injin, ya ce shi ke ƙara wa wuƙar injin ci ko ya rage, in fara da mafi ƙanƙanta, gara in wuce sau da yawa da in kwashe da yawa lokaci guda, don abin da wuƙa ta ci ba ya dawowa. Ya ce in gwada a guntun katako tukuna, in cire duk wata ƙusa, in bar injin ya gama ɗaukar wuta kafin in tura, in danne gaba a farkon katako in danne baya a ƙarshensa, in bi kwanciyar jijiyar katakon kada in yi mata gardama, kuma kada in ajiye shi sai wuƙar ta tsaya. Duk na tuna su yanzu, ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya haddace. A lokacin kuwa tunanina yadda zan riƙo kwalin a layinmu ta gefen da hoton yake, don masu zaman benci su gani.

Ƙofar banɗaki ce ta fara shan wuƙa. Kin san tana cijewa in an yi ruwa. Na cire ta na murɗa abin nan har ƙarshe na fere ƙasanta, don a ganina namiji ba ya aiki da kaɗan-kaɗan. Yanzu ba ta cijewa, gaskiya. Kyanwa na wucewa ta ƙarƙashinta ba tare da ta sunkuya ba, Mamanki kuma ta ce na rage wa gida wahalar ƙwanƙwasawa, tunda daga tsakar gida ana ganin ƙafar wanda ke ciki. Bencin tsakar gida ya biyo baya, ya haɗu da ƙusa, ƙusa ta ɓalle bakin wuƙa, na koma wurin mai shago ya juya mini ɗaya bakin yana kallona. Da mai hankali ne da nan ya tsaya.

Sai Mamanki ta tafi jinyar Innarki ta bar mini makullin shago. Kin san babban teburin da take yanka a kai, wanda ta gada wurin Kakarki, wanda kika yi rarrafe a ƙarƙashinsa kina cin guntayen zare. Ta daɗe tana cewa samansa ya yi kaushi, yana kama mata yadi mai laushi. Na ce yau zan wanke kaina daga maganar ƙofa. Wannan karon na yi komai yadda aka koya mini. Na rage cin wuƙa, na duba ƙusa, na bi jijiya. Saman ya fito fes, katakon har ƙamshi yake. Da na zo bakin teburin, gefen da take tsayawa, sai na ga duk tsage-tsage ne, wasu manya wasu ƙanana, sun yi baƙi sun yi santsi. Na ce ai ɓarnar ku ce da wuƙa kuna yara. Na kwantar da injin a gefen na bi shi tun daga wannan kai har wancan. Ya miƙe sambal. Ban taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba a rayuwata, kuma ban taɓa yin ɓarna irinta ba.

Ranar da ta dawo na sa riga mai kyau na raka ta shagon, ina jiran yabo. Ta shiga ta ajiye jaka. Ba ta kalli teburin ba, hannu ta kai. Na ga babban yatsanta ya bi bakin katakon ya tafi, ya dawo, ya sake tafiya, kamar mai neman makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Ta tambaye ni ko an canza mata tebur. Na ce a'a, gyara ne, na fara bayanin jijiyar katako. Ba ta yi faɗa ba, kuma kin san Mamanki, in ba ta yi faɗa ba to abin ya wuce faɗa. Ta jawo kujera ta zauna ta ce in rufe ƙofar shagon.

Auta, Mamanki ba ta ganin lambobin tef ɗin awo. Ta ce ya fi shekara. Farko kamar hayaƙi ne a idon hagu, yanzu ya taɓa na dama. Tsage-tsagen nan Kakarki ce ta yi su da almakashi, wannan yadi, wannan rabinsa, wannan tsawon hannun riga, wannan wandon ɗan ƙaramin aji, ita ma ta ƙara nata a kai. Da ido ya fara gudunta sai ta koma kansu. In ta auna mutum, takan danne tef ɗin da farce a inda ya tsaya, ta kawo shi bakin tebur, yatsa ya gaya mata abin da ido ya ƙi faɗa. Zare kuma da harshe da lalube take sa shi a allura. Babu wanda ya sani, har ni da nake cin abinci a gabanta kullum ina ba ta labarin yadda nake hango rami a titi tun daga nesa. Shekara guda matar nan tana karatu da yatsa, ni na zo da injina mai ruri na goge mata littafin cikin abin da bai kai shan shayi ba.

Ga shi an kusa komawa makaranta, kayan yara sun cika kwando, iyaye na zuwa tambaya. Ta gwada yanka da ƙiyasi, riga ta fito hannu ɗaya na gaida gwiwa ɗaya na gaida gwiwar hannu. Na ga ta ninke ta ta tura ƙarƙashin tebur, ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Na ruga na kira kafintan bayan layi ya auna ya sake mata tsage-tsagen da zarto. Ya yi su daidai, ba shi da laifi. Ta shafa ta ce duk bakinsu ɗaya, ba ta san yadi daga rabi ba. Na da kowace da zurfinta, wata Kakarki ta yi ta da fushi ta yi zurfi, wata ta karkace, wata yatsa ya cinye ta har ta zama kamar cokali. Na tattara ɓawon katakon da na share a buhu na zauna ina tonawa, wai ko zan ga guntun da ke da tsaga. Ban san me zan yi da shi ba in na gani. Ko gam ɗin duniya aka ba ni ba zai mayar da shi ba.

Shi ne ta ɗauke ni aiki. Ina zama kan 'yar kujera kusa da ita, ta auna ta miƙo mini tef in karanta. Ranar farko na karanta mata ta bayan tef ɗin, gefen santimita, ita tana nufin inci. Aka yanka wa yaron mai gyaran takalmi wandon da ubansa ma sai ya naɗe. Ta yi dariya har da hawaye, ban dai tabbatar duka na dariyar ba ne. Yanzu na iya, ina zura mata zare, ina faɗa mata launi, in mai kaya ya shigo sai in yi kamar hira na zo, in faɗi lambar cikin wasa kamar ina tsokanar yaron da tsawonsa. Masu benci sun sa mini suna Yaron Tela. Na karɓa, na ci sunan.

Amma ni ba magani ba ne, Auta, kuma nan ne ƙarfina ya ƙare. Na ce mu je asibitin ido ta ƙi. Na lallaɓa, na yi fushi, na yi barkwanci, na kawo yayanki ya yi mata magana da muryarsa ta ofis, ta ce ya je ya rage tumbi. Tsoronta kada likita ya ce ta ajiye keken ɗinki, ta ce in aka raba ta da shi me za ta tashi ta yi da safe. Wani mai jiran ɗinki ya ce mini irin wannan hayaƙin sau da yawa ana cire shi mutum ya koma gani, in ba a bari ya daɗe ba. Ban sani ba, ni ba likita ba ne, kafintancin ma kin ga yadda na ƙare. Abin da na sani, jiya ta zuba ruwan zafi a gefen kofi, ta ce kofin ne ya matsa. Duk duniya maganarki kaɗai take ji ba ta mayar da biyu.

Ta sa na yi mata alkawari ba zan faɗa miki a waya ba, don kada ki tayar da hankali ga ki da goyo a ƙasar mutane. Na yi alkawarin, kuma ban karya ba. Ba ta ce kada in rubuta ba, don ba ta taɓa zaton zan iya cika takarda ba. Ki kira ta ranar da kike da hutu, kada ki fara da kuka. Ki ja ta da hira, ki tambayi tebur, za ta faɗa miki laifina da daɗin baki, daga nan ki shiga. In ta gane ni ne, ki bar ni da ita, na saba. Sannan in kin tuna yadda tsage-tsagen nan suke, ke da kika girma hancinki daidai bakin teburin, wacce ce mai zurfi, wacce ce karkatacciya, ki zana mini ko a bayan kwali ne. Ita ta san su da yatsa amma ta kasa faɗa da baki.

Injin yana kan kabad cikin kwalinsa. Ba shi da laifi, abin da aka tura shi ya ci. Na ce zan sayar ta ce a'a, in bar shi inda zan riƙa ganinsa. Na tambaye ta me zan yi in biya, ta ce na kwashe mata ido daga bakin tebur, to in ba ta aron nawa har sai na mayar mata da nata. Kowace safiya kafin mu buɗe shago tana kama hannuna ta ɗora a bakin katakon, ni da 'yar wuƙa, tana cewa ƙara kaɗan, tsaya, ka wuce. Tsagar yadi ce kaɗai ta ce ta fara kama da ta da, sauran har yanzu bebaye ne. Ni ma kuma, kada ki faɗa mata, sai na nisanta tef ɗin daga fuskata nake ganin lambar.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki ce na gode da hular. Ki gaida surukarki da ƙannen mijinki. Amaryata ki ce mata angonta ya samu aiki, ba albashi amma akwai abincin rana. Yayyenki da Innarki suna gaishe ki. Mamanki ba ta gaishe ki ba, don ba ta san ina rubutu ba, tana can tana kirana in zo in zura zare.

Allah Ya yi miki albarka. Ki kira ta, Auta.

Ni ne mahaifinki,
Yaron Tela