Sukarin da ruwa ya sha a hanyar Abeche

Ƙanwata Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya ƙafar taki? Mu nan unguwar Ridina lafiya lau.

Ɗanki Sani ya tsallake rijiya. Motar da yake tuƙawa ta kafe cikin laka a hanyar Abeche, ruwan sama ya narkar da sukarin da ya ɗauko. Ya dawo yana jiran kora, na raka shi ba da haƙuri. Mai motar ya dube shi ya ce, "Ka ci abinci kuwa? Ni na tura ka cikin damina, laifina ne."

Rabi, na tsufa a tuƙi, lafiyar taya kawai aka taɓa tambayata!

Ki sa bawan Allahn nan a addu'a. A gai da Malam da yara.

Yayanki,
Ilu