Ƙafar Ta Juya Ciki

Zuwa ga babban ɗana,

Sallama a gare ka. Ina fata kana lafiya kai da iyalinka, Allah ya bar muku lafiyar da ni na rasa. Nan ƙanwarka tana lafiya, mijinta ya koma aiki, yara suna makaranta. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ce take rubuta mini, na kuma ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa wa maganar zuma.

To, tun da aka sa mini ƙarfen nan a kwankwaso ka mayar da ni gungume. Kana can nesa kana ba da oda ta waya: a kwantar da ni rigingine, a cusa mini filo tsakanin cinyoyi, kada in harɗe ƙafa, kada in tsuguna, kada in sunkuya. Ƙanwarka ta zama 'yar sanda a kaina. Mai gashin ƙashin da kuka ɗauko, yarinya sa'ar jikata, sai ta kama diddigena ta miƙe, ta tanƙwasa gwiwa, ta buɗa ƙafar waje, tana ce mini wai in saki jiki. Sannan aka ce ka ce ko salla a kujera zan riƙa yi. Kai ne za ka hana ni durƙusawa? Da ban durƙusa ba, da ba ka zo duniya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba na cikin waya ba.

Shekaranjiya da azahar, ƙanwarka ta fita shanya, na dafa gado na sauka na kai goshina ƙasa. Sai na ji abu ya yi ƙas a cikin kwankwason. Mai ɗinkin nan ce ta shigo ta cicciɓe ni ta mayar gado, na roƙe ta kada ta faɗa. Mai gashi kuwa na ce mata zazzaɓi nake, kada ta taɓa ni. Yanzu ƙafar ta juya ciki, babban yatsa yana kallon ɗan'uwansa, kuma kamar ta gajarce. Ɗazu mai ɗinki ta ɗaga bargo ta duba. Ta ce in ban faɗa wa ƙanwarka yau ba, ita za ta faɗa.

Kada ka kira ka zazzage wa ƙanwarka faɗa, ba ruwanta. Amma ka ji da kyau: in za a sake tura ni ɗakin tiyatar nan mai fitilu a sama, ba zan hau gadonsu ba sai kana tsaye a wajen kaina. Oda ta ishe ni.

Ka gaida matarka, da takwarata, da ɗan autanku da ban taɓa ɗauka ba.

Uwarka, da ke kwance yadda ka ce.