Shirun Ƙararrawa a Hamamatsu

Hamamatsu, farkon Nuwamba

Zuwa ga yayata, Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mahaifiyarmu Amma, kuma ƙafarta ta yi sauƙi. Kar ki yi mamakin ganin takarda. Duk lokacin da na kira waya Amma na gefenki ta kasa kunne, ni kuwa maganar da ke cikina ba ta kunnenta ba ce.

Jami'a ta gama da mu a aji. Kin san yadda aka yi ta ɗura mana Japananci da safe, rubuta manhaja da yamma, har da yadda ake sunkuyawa a gaida babba. Yanzu an rarraba mu masana'antu. Wanda ya yi abin kirki su ɗauke shi aiki a Afrilu, wanda bai yi ba bizarsa ta ƙare tare da karatunsa. Ni an kai ni inda ake ƙera wani ɗan ƙarfe na birkin mota. Akwai kyamara da ke duba kowane ɗaya, in ta ga tsaga ƙararrawa ta kaɗa, layi ya tsaya cak. Manhajar kyamarar nan aka ɗora a wuyana.

Apa, ƙararrawar nan za ta kashe ni. Da la'asar ta yi, rana ta shigo ta taga, sai kyamara ta riƙa ganin inuwa tana cewa tsaga ce. Ta kaɗa, kowa ya tsaya, wata dattijuwa Mizuno-san ta ɗauki ƙarfen ta jujjuya, ta ce lafiyarsa ƙalau, a ci gaba. Ba wanda ya taɓa hararata. Shugabana Kuwabara-san cewa kawai yake, "Shafa-kun, rubuta abin da ka gani, sai mu tattauna." Mu tattauna! Da zagina yake da na san matsayina. Mutumin da ba ya faɗa, ta ina za ka san ranar da ya gama da kai?

Na san inda zan taɓa ta yi shiru, ba wani aiki ba ne. Amma ƙa'idarsu ko ƙusa ba ka canzawa sai ka nemi izini, an zauna, an buga hatimi. Ke da kike riƙe da layin ɗinki shekara da shekaru, me kika gani?

Ki gaida Amma. Ki ce mata ina cin abinci.

Ƙaninki,
Shafayet

*

Gazipur, tsakiyar Nuwamba

Kai Shafu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Amma da sauƙi, bakin ne dai babu sauƙi, duk wanda ya shigo sai ya ji labarin ɗanta injiniyan Japan.

Wato duk digirin nan ƙararrawa ce ke kaɗa maka hanji? Tun kana yaro haka kake, ƙadangare ya faɗo ka tara mana unguwa.

Saurara. Babba ba ya son a kawo masa matsala, so yake a kawo masa labarin an gama. Da ya ce ku tattauna, gwada ka yake ya ga ko kana da wayon kanka. A wurinmu keken ɗinkin da ya cika kuka makaniki ke ɗaure shi da ƙyalle, manaja ya wuce ya ga layi na tafiya, kowa ya ci abincinsa. Wanda ya cika zuwa ofis da ƙorafi shi ake fara tunawa ranar rage ma'aikata. Ƙa'ida kuwa, mu ma muna da ita a bango, har gilashi aka sa mata.

Ka taɓa abin ya yi shiru, ka kama bakinka. Su da kansu za su lura yaron nan yana da hannu.

Matar maƙwabcinmu Anisul za ta zo Japan, na ba ta busasshen kifi ta taho maka da shi. Kar ka soya da taga a buɗe su kira maka 'yan sanda.

Allah ya tsare.
Dilruba

*

Hamamatsu, Disamba

Apa,

Salam. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Na yi yadda kika ce. Na sassauta ma'aunin da kyamara ke gane tsaga da shi, ƙararrawa ta yi tsit. Layi ya riƙa tafiya har a tashi. Mizuno-san ta ba ni lemu biyu ta ce bayanta ya huta. Kuwabara-san ya dubi taga ya ce wataƙila rana ce ta sauya hanya, na ce wataƙila. Har ya ce zai sa bakinsa a ɗauke ni, shi ne na faɗa wa Amma a waya.

Shekaranjiya na buɗe hotunan da kyamara ke ajiyewa, ina neman masu kyau da zan sa a kundin digirina. Sai na ga wani zare fari a jikin ƙarfe, siriri kamar gashin kai. A ƙarƙashinsa manhajata ta rubuta lafiya. Na ce ƙura ce. Na buɗe na gaba, na gaba, sai ga wani. Apa, ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Garin gyaran gira na rasa ido. Inuwar da na koya mata ta ƙyale, da ita ta haɗa har da tsagar gaske.

Birki ne, Apa. Ba hannun riga ba ne da za a warware a sake.

Akwai motar 'yan makarantar raino da ke bi ta ƙofar gidanmu kowace safiya, yara da hulunansu masu ruwan ɗorawa, tana gangarowa daga tudu. Yau na tsaya ina kallon ƙafafunta har ta sha kwana. Ban san ko irin namu ne a jikinta ba, ba ni kuma da hanyar sani. Jiniyar motar asibiti in ta wuce sai in ajiye cokali.

A saman kowane layi akwai igiya. Ranar farko aka ce mana ko mai shara ya ga abin da bai gane ba ya ja, ba mai tambayarsa don me ya tsayar da aiki. Ni ban yarda ba. Wa ya taɓa tsayar da kayan mai kuɗi aka ce masa sannu?

Ki faɗa mini abin yi. Tsoro nake ji.

Shafayet

*

Gazipur, Disamba

Shafu,

Salam. Na karanta a banɗakin masana'anta, don kar a ga fuskata.

Ka buɗe kunnenka da kyau. Ka mayar da ma'aunin nan yadda ka same shi, yau ɗin nan, ba tare da kowa ya gani ba. Abin da ya fita ya fita. Ka san mota nawa ke yawo a titin Gazipur da birkin da Allah kaɗai ke riƙe da shi? Ga mu nan da ranmu. Su can ai ba kyamararka kaɗai ce mai ido ba, wani zai duba a gaba.

Igiya kuma, kar ka kuskura. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Kai baƙo ne, kai ne ƙarami, kai ne ba ka da kowa. In aka tashi neman wanda za a ɗora wa, ba sai an yi nisa ba. Na ga yadda aka yi da yarinyar da ta nuna wa manajanmu wayar wuta tana hayaƙi: an gyara wayar, ita kuma ba ta kai ƙarshen wata ba.

Ita Amma ta riga ta raba alewar murnar za a ɗauke ka aiki a unguwarmu kaf, har gidan liman. Matar Harun da ta ce kuɗin karatunka asara ne, ita aka kai wa kwali mafi girma. Ka tuna da wannan kafin ka buɗe baki. A bar kaza cikin gashinta.

Ka yi sallah, ka yi barci. Afrilu ta kusa.

Yayarka da ba ta taɓa ba ka shawarar banza ba,
Dilruba

*

Hamamatsu, Janairu

Zuwa ga Apa Dilruba,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba, ga dalili.

Na mayar da ma'aunin, na yi shiru. Ƙararrawa ta dawo da kukanta, ni kuma na shiga rama. Mako ya wuce, wani ya kama.

Kin san kowace safiya kafin a kunna layi, kowa sai ya nuna injinsa da yatsa ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya!" Da farko dariya abin ke ba ni, manya da furfura suna yi wa ƙarfe magana. Wata safiya aka zagayo kaina. Na ɗaga hannu zan nuna kyamara, yatsan ya ƙi miƙewa. Kowa na jira. Mizuno-san ta ce, "Shafa-kun, ko cikinka ne?" Ban san sanda na kama igiyar ba.

Aka shigar da ni ɗaki, na faɗi na taɓa ma'aunin, na nuna hotunan. Ba wanda ya ɗaga murya. Don me ka taɓa? Don ƙararrawa ta dami mutane. Don me ba ka tambaya ba? Don kar in dami manya. Suna rubutawa a allo kamar lissafi. Har na fara jin numfashina na dawowa. Sai Kuwabara-san ya ajiye alƙalami ya ce, "Yaushe ka ga tsagar?"

Da na ce jiya, wataƙila da an yarda. Na faɗi gaskiya.

Ya buɗe takardar fitar kaya ya nuna mini. Ashe ranar da na ga hotunan, kayan duk suna ajiye a sito na kamfanin da ya saya, ko kwali ɗaya ba a buɗe ba. A kwanakin da na yi shiru aka ɗaura su a motoci. Da waya ɗaya ta isa.

Hutun sabuwar shekara, wanda a nan ya fi musu komai, ba wanda ya yi shi. Mizuno-san, wadda jikokinta suka zo mata daga nesa, a sito ta yi shi tana duba ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da fitila. Kuwabara-san ya je wurin masu sayen ya sunkuya, an ce goshinsa ya kusa taɓa tebur. An dawo da yawancin motocin. Akwai waɗanda har yau ana neman masu su, kuma kullum da safe sai na tsaya na ga gangarowar motar yaran nan.

Jiya ya kira ni. Ya zuba mini shayi da hannunsa, ya ce, "Ma'aunin da ka taɓa laifina ne, ban koya maka yadda ya kamata ba. Da ka ja igiya ranar da ka gani, da ni zan tsaya gaban kowa in gode maka. Amma kwanakin da ka yi shiru, waɗannan naka ne. Ba zan iya sa ka kusa da birki ba."

Ba za su ɗauke ni ba, Apa. Sauran kamfanoni sun rufe ɗauka tun bara. Malamina ya ce zai tambaya, amma bai kalle ni ba da yake faɗa.

Ban ga laifinki ba, yadda kika sani kika faɗa. Don Allah kar ki gaya wa Amma tukuna. Ki bar ta har Afrilu.

Ƙaninki,
Shafayet

*

Gazipur, ƙarshen Janairu

Shafu, ɗan'uwana,

Wa'alaikumus salam. Na karanta.

Ka ce in bar Amma har Afrilu. A'a. Sau biyu ka tambaye ni, sau biyu na ce ka yi shiru. Ba zan ƙara ba kowa wannan shawarar ba, har kaina.

Tana tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ina rufe takardar nan zan je in zauna kusa da ita in gaya mata komai, kuma da sunana zan fara.

In an samo sauran motocin ka sanar da ni, ko a wane lokaci ne. Ni ma ba na barci.

Ka ci abinci.

Yayarka,
Dilruba